Tambaya da Amsa: Kwafe Windows kafin a taɓa faifai

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya. Kwamfutata na ɗauke da Windows 11 da Ubuntu (wani nau'in Linux) a faifai ɗaya. Ina so in ƙara wa Ubuntu wuri, amma ina tsoron ɓata Windows, ga shi kuma aikin kammala digirina yana can. Yaya zan adana shi yadda zan maido da shi in abu ya lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Aikin digirin nan, zuba shi a filashi yau yau, kafin mu je ga sauran.

Abin da nake amfani da shi Clonezilla ne. Kyauta ne, ana saka shi a filashi a tayar da kwamfuta daga cikinsa. Wurin da ke da kaya kawai yake kwafewa, sai ka ajiye kwafin a faifan waje.

Amma ka saurare ni da kyau a nan, don ni kaina na taɓa shan wuya. Tun daga Windows 8, in ka danna kashewa, Windows ba ya mutuwa gaba ɗaya, barci yake yi, saboda tsarin Fast Startup. Na taɓa kwafe shi a haka, ranar da na maido sai fayiloli suka rikice. Ka kashe tsarin a Power Options tukuna.

Kuma kada ka ɗauki ɓangaren C, wato sashen faifan da Windows ke zaune, shi kaɗai. Akwai wani ɗan ƙarami, EFI, sau da yawa megabait 100 ne. A nan Windows da GRUB, wato manhajar da ke ba ka zaɓi tsakanin Ubuntu da Windows in ka kunna kwamfuta, duka suke ajiye abin da ke tayar da su. In babu shi, C na nan lafiya lau amma kwamfuta ba za ta tashi ba. Shi ya sa na fi son a kwafe faifan dungurungum.

In BitLocker, tsarin Windows mai kulle faifai, na kunne, rubuta makullinsa mai lamba 48 a takarda. Sannan ka sani kwafin zai yi girma, don Clonezilla ba ya iya bambance wurin da ke da kaya a ɓangaren da aka kulle.

Wajen maidowa, ɓangaren da za ka zuba a ciki ya kai girman na asali ko ya fi. In Windows ya ɓace daga jerin GRUB, ka shiga Ubuntu ka kunna os-prober, manhajar da ke nemo Windows a faifai, sannan ka ba da umarnin update-grub. Batirinka kuma ya cika kafin ka fara, kada a ɗauke wuta aiki na rabi.