Zauren Baba Mai Keke: "Zai Kai Ni Yawuri?"

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wasiƙun da ke zuwa wannan fili suka sauya kala. Da can keken yara ake tambaya, yanzu kuwa ma'aikata ne da ɗalibai masu son jingine babur. Huɗu na zaɓa a wannan watan, ta farko ce za ta ci mana wuri.

TAMBAYA: Baba, ina wuni. Ni ɗalibi ne a Birnin Kebbi, na ɗan tara kuɗi. Na ga wani keken tsere ɗan gwanjo, mai lanƙwasasshen kai da siririyar taya, da yatsa biyu ake ɗaga shi. Mai shi ya ce giyarsa 22. Burina in hau shi in je gida Yawuri in an yi hutu, da jakata da 'yan kayana. In saye?
Ɗalibi, Birnin Kebbi

AMSA: Lafiya lau, ɗana. Kafin in ce maka e ko a'a, saurari wautar da na taɓa yi.

Shekarun baya na sayi irin wannan keken. Sati guda ina zaga gari kamar sabon ango. A sati na biyu na kama hanyar Jega da sassafe. Na ɗan wuce Kalgo, sai ga tirela ta taso tana hon, na gangara gefen kwalta don in ba ta wuri. Ban yi nisa a cikin ciyawar nan ba na ji "fiii" gaba da baya. Tsidau ne. Na tura keken har ƙauye na gaba, na iske wani dattijo mai faci a gindin darbejiya. Ya zare tiyub, ya kankare, ya shafa sholisho, ya hura ya jira ya sha iska, ya manna faci tsaf. Da aka zo wajen bugun iska sai ya tsaya. Ya juya bawul ɗin a hannunsa, ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Malam, wanga abu kamar allura, ina za a sa mishi famfo?" A bayan motar albasa muka koma Birni, ni da keken, kwana biyu rigata tana ba da labari.

Bawul ɗin nan siriri sunansa Presta, kusan duk keken tsere shi gare shi. Masu facinmu sun saba da Schrader, mai kaurin nan irin na babur da mota, da kuma na tsohon keke mai 'yar roba a ciki. Akwai wani ɗan ƙarfe kamar ƙwayar gyaɗa da ake murzawa a kan Presta ya karɓi famfon babur. Duk mai irin wannan keken ya ajiye ɗaya a aljihu, ya kuma ɗaure nasa famfon a jikin firam.

To koma wurin mai keken nan, ka duba masa abubuwan da zan faɗa maka.

Fara da taya. A gefenta akwai rubutu, kamar 700x23 ko 23-622. Lambar 23 ɗin faɗin taya ce a milimita. An yi ta don kwalta mai santsi wadda aka share. Hanyar da za ka bi kuwa, daga Jega ta Koko zuwa Yelwa, babbar hanya ce ta manyan motoci, za ka sauka gefe sau ba adadi, cikin tsakuwa da yashi da ƙaya. Faɗin 32 zuwa 38 kake buƙata. Kada ka ce ai sai in canja daga baya, don galibin kekunan tsere masu birki a kan rim ba sa karɓar abin da ya wuce 25 ko 28. Zura yatsa tsakanin taya da firam, za ka ga babu wuri.

Sai ka sunkuya ka duba kusa da inda ƙafar baya ta ɗauru. Akwai 'yan ramuka masu zare na ɗaura kariya, wato mazaunin kaya na baya? Keken tsere yawanci ba shi da su, ba a yi shi don dako ba. Ke nan jakarka a bayanka za ta wuni. Awa ɗaya ba komai. Awa shida a duƙe, zufa na zuba, sai wuya da tafin hannu su fara yi maka magana tun ƙafa ba ta gaji ba.

Ƙirga sifok ɗin ƙafar baya, wato siraran wayoyin nan da ke riƙe da rim. In ka samu 20 ko 24, ta tsere ce. Ta tafiya 32 ce ko 36. Ɗaya ya tsinke a cikin 36, ƙafar za ta ɗan yi rawa ka isa masauki. Ɗaya ya tsinke a cikin 20, rim ya karkace ya riƙa gogar birki, tafiya ta ƙare a nan.

Giya 22 da ya yi maka kuri da ita, ma'anarta faifai biyu a gaba, 11 a baya. Yawan faifan baya shi ke sa sarƙa ta sirance, ta yi tsada, ta yi wuyar samu. In ta tsinke maka a Koko, wa zai ba ka irinta? Mai faifai 6 ko 7 ko 8 kuwa duk sarƙa iri ɗaya suke ci, ita ce kuma ta fi yawa a shagunanmu. A kayan Shimano, kamfanin Japan ɗin nan, Claris mai 8 ne, Sora mai 9, ga Altus da Acera na keken dutse, duk sun ishe ka. Ni ban damu da yawan giya ba, giyar da ta fi sauƙi nake dubawa. Ƙirga haƙoran ƙaramin faifan gaba da na babban faifan baya. In suka zo kusan ɗaya, kamar 34 da 32, to za ka hau tudu da kaya, za ka kuma iya da iskar hunturu in ta tare ka gaba da gaba. Ranar da ka nufi duwatsun Zuru za ka tuna da ni.

Na ƙarshe, tafi da ɗan maganaɗisu. In ya manne a firam, ƙarfe ne, kuma in ya tsage a hanya kowane mai walda zai ɗinke maka shi ka isa gida. In bai manne ba, alminiyam ne ko kabon. Alminiyam ba laifi, ba ya nauyi, ba ya tsatsa, sai dai waldarsa ba ta kowa ba ce. Kabon ɗan gwanjo kuwa ni ba na taɓa shi, yana iya tsagewa a ƙarƙashin fenti ido bai gani ba. Ko wane iri ne, shafa bututun da ke bayan wuyan keken. In fenti ya tattare a wurin kamar fatar tsoho, an taɓa gwabza karo da shi, bar musu abinsu.

Amsata ke nan: don Yawuri, kada ka saya. Nemi tsohon keken dutse na ƙarfe marar shokozoba, mai taya 26, ka cire masa tayoyin nan masu gurzagurza ka sa masu santsi, faɗin inci 1.5 zuwa 1.75. Ka ɗaura kariya, ka sa mazaunin gorar ruwa biyu. Birkinsa ya kasance na waya, wanda za ka gyara da sifana a bakin hanya, ba na mai ba. Ba zai sa 'yan mata su waiwayo ba, amma tiyub ɗinsa na nan a kasuwar ƙauye.

Na san abin da ke ranka. Ka ga su Biniam Girmay, yaron Eritriya da ya ci zango uku da koriyar rigar wanda ya fi tara maki a tseren Faransa na 2024, ka ce ai irin wannan keken yake hawa. Gaskiya ne. Amma shi mota ce ke bin bayansa da makanikai da tayoyi a kan rufi. Kai tirela ce ke bin naka. In son gudu ne ya kama ka, saye shi don atisayen safe a hanyar Argungu, ka dawo kafin rana ta yi.

Tafiyar kanta ka raba ta kwana biyu ko uku. Fita da an sallame asuba, sauka kafin azahar, musamman a Maris da Afrilu da zafi ke haura digiri 40. Ka sami abokin tafiya, kada dare ya riske ku a daji, kuma duk garin da kuka sauka ku shiga tasha ku tambayi direbobi lafiyar hanyar gaba. Su suka san abin da ya faru jiya.

TAMBAYA: Baba, keken mahaifina Phoenix ne, taya 28. Ɗan'uwana ya aiko mana taya daga Turai, ita ma an rubuta 28 a jikinta, amma ta ƙi hawa rim. Jabu ce?
Manomi, Bunza

AMSA: Ba jabu ba ce, Malam, 28 ɗin ne iri biyu. Su Phoenix da tsohon Raleigh, faɗin da'irar rim ɗinsu milimita 635 ne. Wadda Turawa ke rubuta wa 28 a yau ita ce 700C, milimita 622. Tazarar 13 ce kawai, amma ko ƙarfin ƙato goma ba zai sa ta hau ba, sai dai a tsinka wayar da ke bakinta. Abin dariya, taya 27 ma 630 ce, wato ta fi waccan 28 ɗin girma. Ta keken dutse mai 26 kuwa 559. Don haka ka bar duba inci, ka duba lamba mai rabe biyu, kamar 40-635. Ta ƙarshen ce dole ta dace.

Kada kuma ka yarda wani ya raina maka keken Baba. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta fadamarku, da buhun shinkafa a kariya, har yau ban ga wanda ya kama ƙafarsa ba. In ya yi wa dattijon nauyin tuƙi, a sa masa firiwil, wato faifan baya da sarƙa ke hawa, mai haƙora 20 ko 22, a ƙara wa sarƙa tsawo kaɗan. Gudu zai ragu, gwiwa ta huta. Abu ɗaya za ka ja masa kunne a kai: birkin sanda a kan rim na ƙarfe ba ya kamawa sosai in ruwa ya jiƙa shi. Da damina ya fara matsawa tun daga nesa.

TAMBAYA: Na saya wa yarona keke babba don ya girma da shi, yana zuwa makaranta. Yanzu kullum kukan gwiwa da ƙugu. Ko in sa masa faffaɗan sirdi mai soso?
Uwa, Argungu

AMSA: Hajiya, keke ba riga ba ce da za a naɗe hannu. Sa shi ya tsaya ƙafa biyu a ƙasa, firam na tsakanin cinyoyinsa. In babu sararin yatsa biyu ko uku tsakaninsa da ƙarfen sama, keken ya fi ƙarfinsa, a musanya shi ko a ajiye masa zuwa baɗi. Ina kuma zargin an sauke sirdin ƙasa ƙwarai don ƙafarsa ta taɓa ƙasa, shi ke kawo ciwon gwiwar. Ya hau ya dafa bango, ya ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa. Ƙafar ta miƙe sambal ba tare da ƙugu ya karkata ba, tsayin ke nan. Mai son lissafi ya auna tsawon ƙafa ta ciki daga ƙasa, ya ninka da 0.883, abin da ya fito shi ne tazara daga tsakiyar dungun da hannuwan feda ke juyawa a kai zuwa saman sirdi. Sirdi mai soso daɗinsa na minti goma ne, bayan haka gogar cinya yake yi. Ku fara gyara tsayin, ku ba shi sati biyu.

TAMBAYA: Baƙin man inji nake zuba wa sarƙa, kyauta nake samu wurin makanike. Da matsala?
Mai shago, Kamba

AMSA: Da matsala, ƙanena. Baƙin mai cike yake da garin ƙarfe, ga danƙo, yashin hunturu ya bi ya manne, su haɗu su zama dutsen wasa wuƙa. Wanke sarƙar da kananzir, ta bushe, ka ɗiga sabon mai marar kauri ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, ka juya feda, sannan ka goge na waje da tsumma har ta yi kamar ba a sa komai ba.

Sai ka ari tef a wurin tela. Tsakanin kowace ƙusa da ta kusa da ita rabin inci ne. Ɗora sifili a tsakiyar ƙusa ɗaya, ka duba inci 12. A sabuwar sarƙa, layin zai faɗa daidai tsakiyar wata ƙusar. In ƙusar ta gota da ɗaya bisa 16 na inci, canja sarƙar. In ta kai ɗaya bisa 8, ta riga ta cinye haƙoran firiwil, sabuwa za ta riƙa tsalle a kansa, sai ka sayi biyun tare.