Yinin limamin soja a fagen daga

Hajiya, kin tambaya yadda ƙanenki zai riƙa yini in an ɗauke shi daga nan Maraɗi zuwa Diffa limancin sojoji.

Bayan sallar asuba, yawancin aikinsa sauraro ne: wannan ya rasa abokinsa, wancan barci ya ƙaurace masa. In ruwa ya yi wuya a yi taimama, in ana fargabar hari sojoji su kasu biyu a sallah, kamar yadda aya ta 102 ta Suratun Nisa'i ta nuna. Jana'iza ce mai nauyin, wallahi.

Kada ku tambaye shi ta waya inda suke. In ya dawo yana firgita cikin dare, ku haɗa addu'a da ganin likita.