Ga mai son yin majistir a awon ilimi: fara da takardun ajinka

Wa alaikumus salam ƙanena. Tun jiya da daddare na ga tambayarka, wuta ce ta ɗauke, sai yanzu na samu zama. Ka ce ka gama kulliyar tarbiyya, wato kwalejin horar da malamai, shekara biyu kana koyarwa a wata makaranta a Gadarif, kana so ka yi majistir (digiri na biyu) a ƙiyas da taƙwim, wato awon ilimi da tantance shi, amma ana tsorata ka da lissafi, kuma kana tambaya ko akwai abinci a ciki. A wannan fanni na yi furfura, don haka bari in gaya maka abin da idona ya gani.

Lissafi akwai shi, ba zan ɓoye maka ba, amma farkonsa bai fi ƙarfin mai sayar da riɗi a kasuwar Gadarif ba. Ɗauki tambaya ɗaya, ka ƙirga yara nawa suka ci ta, ka raba da yawan ajin: ka san sauƙinta ko tsaurinta ke nan. Sannan ka jera takardun daga na sama zuwa na ƙasa, ka ware kashi 27 cikin ɗari ta kowane gefe. In ajinka 40 ne, yara 11 nan, 11 can. Idan na ƙasa sun fi na sama cin wata tambaya, to ba yaran ne da laifi ba, tambayar ce ba ta da lafiya. Daga nan ake hawa zuwa alfa ta Cronbach, wadda ya fitar a 1951 don duba ko tambayoyin jarrabawa suna tafiya tare, da tsarin Rasch, mutumin Denmak, na 1960, mai auna tsaurin tambaya da ƙwazon yaro a ma'auni ɗaya. Kwamfuta ce ke yin ƙididdigar yanzu, da manhajar SPSS ko R, ita R ma kyauta ce. Abin da kwamfuta ba za ta yi maka ba shi ne ta gaya maka dalilin da ya sa yaro ya faɗi.

Wannan shi ne ainihin aikin, kuma ni ban gane shi a lacca ba. Lokacin da nake tattara bayanan majistir ɗina, na kai jarrabawar lissafi wasu makarantun ƙauyukanmu na bakin Kogin Nilu Shuɗi, kudu da Sinnar. Akwai tambaya a kan lambobin da ke ƙasa da sifili. An ce mis'ad, na'urar nan mai hawa da mutane bene, yana hawa na uku, ya sauka hawa biyar, ina ya tsaya? Wata yarinya da malaminta ya ce ita ce ta ɗaya a aji ta bar wurin fayau. Bayan an tashi na kira ta gindin dogon yaro, na tambaye ta da Hausa: guga yana rataye kamu uku sama da bakin rijiya, aka zura shi kamu biyar, ina yake? Ko numfashi ba ta ja ba ta ce, "Ustaz, ai ya shiga rijiya kamu biyu." Lissafin yana kanta daram. Abin da muka auna a takarda shi ne ko ta taɓa shiga dogon bene a Khartum, da kuma ko ta san kalmar da Larabci.

Tun daga ranar na daina ɗaukar kalmar sidƙ a matsayin babin haddacewa. Sidƙ shi ne jarrabawa ta auna abin da ta ce za ta auna. Sabat kuma shi ne in an sake awo a samu kusan abin da aka samu. Mudu mai lanƙwasasshen gindi kullum awo ɗaya yake bayarwa, yana da sabat ke nan, amma tauye hakki yake yi, kuma duk mun karanta abin da Suratul Muɗaffifina ta ce a kan masu tauye mudu. 'Ya'yanmu da ke tashi da Hausa a gida, su haɗu da Larabcin littafi a makaranta, su ne irin wannan mudu ya fi cuta. Akwai hanyoyin ƙididdiga na gano tambayar da ke fifita wani rukuni a kan wani alhali ƙwazonsu ɗaya, irin su Mantel-Haenszel. In ka tambaye ni taken bincike, nan zan tura ka, domin kai kana jin harsunan biyu, abin da yawancin masu bincike ba su da shi.

Ga wani abin da nake yi wa ɗalibaina a makon farko. Nakan ɗauki insha'i ɗaya na yaro, in buga kwafi, in rufe suna, in raba musu su ba da maki cikin 20. Ban taɓa yi suka haɗu ba. Wani ya ba da 8 saboda munin rubutu, wani 16 saboda kyan tunani. Sai ajin ya yi tsit, domin kowa ya tuna shi ma jan biron wani ne ya yanke masa hukunci a Shahadar Sudan, jarrabawar gama sakandare, inda ɗigo ɗaya a nisba, wato maki cikin ɗari, ke raba mai shiga likitanci da mai haƙura. Daga nan muke shiga yadda ake rubuta ma'aunin gyara, da jadawalin da ke raba tambayoyi bisa darussa da matakan tunani guda shida da Bloom ya tsara a 1956, don kada jarrabawa ta ƙare a "ambaci" da "lissafa" kawai.

Ka kiyayi abu ɗaya. Za ka haɗu da masu cewa ka raba takardar jin ra'ayi ga malamai ɗari, ka gama cikin wata shida. Ni ma an so a tura ni wannan hanya, kuma na ga kundaye da yawa irinta suna shan ƙura a kanta. Ka dage ka gina jarrabawa da hannunka, ka gwada ta a kan yara na gaske, ka gyara, ka sake gwadawa. Turanci ma sai ka ɗaure ka koya, don yawancin sabon bincike da shi ake rubutawa.

Batun abinci kuwa, tsani a jami'a sananne ne: mataimakin koyarwa, muhadir bayan majistir, ustaz musa'id bayan daktora, sai musharik, sai farfesa, kuma daga tsakiya ba a hawa sai da bincike da aka buga. Albashi bai taɓa isa ba, balle tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023. Ka ga dai 'yan shahadar 2023 ba su zauna jarrabawa ba sai ƙarshen Disambar 2024, wasu ma ba su samu zama ba sam. Amma wannan ɓarnar ita ce ta ƙara bukatar masu fannin. Yaron da ya yi shekara biyu ba aji, ya yi gudun hijira daga Madani zuwa Kassala, wane aji za a sa shi? Sai an auna. Bayan jami'a akwai sashen jarrabawa na ma'aikatar ilimi, da ofisoshin kula da inganci, da ƙungiyoyin da ke gwada karatun yara ƙanana. A Saudiyya kuma cibiyar Qiyas ce ke shirya jarrabawar Ƙudurat da Tahsili na shiga jami'a, kuma ƙasashen Larabawa da dama suna shiga TIMSS da PISA, gwaje-gwajen ɗalibai na ƙasa da ƙasa, duk aikin masu wannan ilimi ne.

Kada ka bar koyarwa don ka yi karatun, in da hali ka haɗa su. Kafin ka cike fom, ɗauko takardun jarrabawar da ka yi wa ajinka ta ƙarshe. Ja layi a littafi, sunayen yara a tsaye, lambobin tambayoyi a kwance, 1 ga wanda ya ci, 0 ga wanda ya faɗi. Ka fitar da tambayoyi uku da suka fi kayar da su, ka kira yara biyar ɗaya bayan ɗaya ka tambaye su da baki, da Hausa in Hausawa ne. Ka ɗauki hoton jadawalin ka turo min, ka rufe sunayen tukuna, mu duba tare bayan sallar Juma'a in Allah ya kai mu.