Kafin ka taho karatun mai daga kara

Ƙanena Sadiq, salamu alaikum. Saƙonka ya iso. Ka ce ka gama digirin bayokemistiri a Jami'ar Jihar Kaduna, ka yi bautar ƙasa, kana so ka taho Jamus ka yi digiri na biyu a kan enzayim, wato furotin masu hanzarta aikin sinadarai, waɗanda ke narkar da karan dawa da na masara su koma itanol, sinadarin da ake gauraya da fetur a zuba wa mota, musamman ganin yadda mai ya yi tsada tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Ka tambaye ni ko fannin yana da gaba. Ka taho, amma ka taho don koyon aikin hannun, kada ka rataya burinka duka a wuyan itanol.

Ilimin kansa abin sha'awa ne. Jikin kara sukari ne da aka ɗaure tamau ya zama seluloz, sannan wani sinadari mai tauri da ake kira lignin ya lulluɓe shi. Naman gwari yakan saki enzayim ɗinsa su warwatsu, kowanne ya yi ta kansa. Wata baktiriya mai suna Clostridium thermocellum kuwa jera nata take yi a jikin furotin guda mai gurbi tara, ta manne su a jikin karan, kamar 'yan gayya da aka tsayar a kunya ɗaya, wannan ya sara na bayansa ya kwashe. A 1983 Raphael Lamed da Edward Bayer suka bayyana wannan tsari, suka kira shi selulosom. Aikinmu a ɗakin gwaji yanzu shi ne mu sauya gurbin, mu zaɓi enzayim ɗin da muke so, mu jera su yadda muka ga dama.

Wannan halitta ba ta jure iskar da muke shaƙa, kuma sai zafi ya kai wajen digiri 60 take walwala. Cikin kwalabe masu murfin roba ake renonta, da allura ake ba ta abinci. Akwai launin da muke sa wa ruwan, in iska ta kutsa sai ya koma ruwan hoda, aikin ya lalace ke nan. In an dace kuwa, takardar tace ruwa da ka saka za ta yi ɗorawa, cikin 'yan kwanaki ta ruɓe ta zama kamar kunu. Har yau ina tsayawa in kalla.

Matsalar a kasuwa take. Kamfanin DuPont ya buɗe katafariyar masana'antar itanol daga karan masara a jihar Ayowa ta Amurka a 2015, ya rufe ta a 2017. Ta kamfanonin POET da DSM da aka buɗe a 2014 ta dakata a 2019. Kamfanin Clariant ya rufe tasa ta Romaniya a ƙarshen 2023. Tara kara da jigilarsa tsada, sassauta lignin tsada, enzayim tsada. Ita ma baktiriyar tamu, itanol bai kai kashi 2 cikin 100 ba take fara gazawa, alhali yis yana wuce kashi 10. A Brazil ne abin ya ɗan kama ƙasa, domin tuƙar rake tana jibge a bakin masana'antar sukari, ba sai an je nema ba.

Ka kuma tuna a wajenmu can gida kara ba shara ba ne. Manomin Soba ko Giwa yana da lissafinsa: danga, rufin rumbu, makamashin tuwo, sauran kuma shanu su bi da rani. Duk wanda ya rubuta maka takarda cewa kara kyauta ne a Arewa bai taɓa tsayawa a gona bayan kaka ba.

Nan ne nake ganin ƙofarka. Tumbin saniya cike yake da baktiriya masu selulosom, irin su Ruminococcus flavefaciens. Shanunmu suna rayuwa a kan busasshen kara wata da watanni, kuma NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, tana Shika kusa da kai. Ilimin da zai narkar da kara don mai shi ne zai sa ya ƙara amfanar dabba, wannan kuwa yana da mai saye a gida tun yau. In ka rubuta wa farfesa cewa kana son nazarin abin da ke cikin tumbin bunaji, ka fi mai kwafo zancen sauyin yanayi daga intanet samun amsa.

Kafin ka nemi gurbi, ka samu ɗakin gwaji a Zariya, ko a NARICT, cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa, ko a Jami'ar Ahmadu Bello, ka yi aiki ko ba biya. Ka iya PCR, dabarar yawaita kwafin ƙwayar gado ta DNA, da hannunka, ka iya sa baktiriya ta yi maka furotin ka tace shi, ka ɗan koyi yaren kwamfuta na Python. Yawancin jami'o'in gwamnati a nan ba sa karɓar kuɗin karatu, amma biza na bukatar kusan Yuro 12,000 a ajiye na shekara guda, ban da wahalar samun ɗaki. Saboda haka ka sa ido kan tallafin DAAD, hukumar musayar ɗalibai ta Jamus, da na PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur na Najeriya, kada ka bari Baba ya sayar da gonarsa saboda tafiyar nan.

Ka turo mini sakamakonka da aikin da ka yi a shekarar ƙarshe, in duba kafin ka rubuta wa kowa. Ka gaida Baba da Umma da mutanen Unguwar Rimi.