Kwalaben ƙarfafa garkuwar jiki ko kuɗin gwajin jini?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ƙanena na fama da sikizofireniya, wani nau'in taɓin hankali, yana karɓar magani a asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba, watan jiya likita ya mayar da shi kan clozapine. Wata maƙwabciyarmu nan Agege ta kawo min kwalabe uku, wai na ƙarfafa garkuwar jiki, N40,000. Ta ce bincike ya nuna daga garkuwa ciwon yake. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba shi lafiya, Ya saka miki da ɗawainiyar da kike yi. Kada ki saya.

Maƙwabciyarki rabin labarin ta ji. Alaƙar ciwon da garkuwar jiki tana nan, amma ba irin wadda ta faɗa ba. A jinin wasu masu ciwon ana samun alamun kumburi, irin su IL-6 da CRP, sun ɗan haura ƙima. A 2016 masu bincike a Boston ta Amurka suka gano cewa masu wani nau'in ƙwayar halitta ta C4, wadda ɓangare ce ta garkuwar jiki, sun fi haɗarin kamuwa. Aikin C4 a ƙwaƙwalwa kamar na mai rage rassan bishiya ne, wato rage mahaɗan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, ana zaton kuma a wannan ciwon sassaben ne ke wuce gona da iri. Kin ga ba rauni garkuwar ta yi ba, balle a ƙara mata ƙarfi. Har asfirin da minocycline, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, an gwada ƙara su a kan maganin asali don rage kumburin, sakamakon bai tsaya wuri ɗaya ba.

Inda ya kamata hankalinki ya koma shi ne clozapine ɗin. Magani ne mai kyau, amma ga kusan mutum 1 cikin 100 yakan karya fararen ƙwayoyin jini, masu yaƙi da cuta. Shi ya sa a ƙasashe da yawa ake gwajin jini duk mako na makonni 18 na farko. Kuɗinki can za su fi amfani: gwajin, maganin, da kuɗin motar Agege zuwa Yaba, wanda ni ma na san ba wasa ba ne.

Idan ya tashi da zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro, kada ku ce maleriya ce ku nufi kemis. A kai shi asibiti a ranar, a gaya musu clozapine yake sha. Kwalaben kuma ki mayar mata cikin mutunci, ki ce sai likitansa ya gani.