Amsa: A ina zan ga dolfin a cikin teku idan na je Dubai?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ba ka son irin waɗanda ake tsarewa a tafki suna wasa da ƙwallo, na teku kake nema. To, ka ware yini guda ka tsallaka Khasab, a yankin Musandam na ƙasar Oman. Tafiyar awa uku ce ko kusa da haka a mota daga Dubai, amma fa akwai boda, don haka ka gama maganar biza tun kafin ka tashi.

A can za ka shiga jirgin ruwa na katako irin na Larabawa, an shimfiɗa dardumai da matasai, ya kutsa da ku cikin Khor Sham, inda teku ya ratsa tsakanin duwatsu. Dolfin kan biyo igiyar ruwan da jirgin ke tayarwa, su fito su shaƙi iska ta ƙofar hancin da ke saman kansu, su nutse. Ba kifi ba ne, haihuwa suke yi su shayar da 'ya'yansu nono. Jiragen kan tsaya a wani tsibiri inda Turawan Ingila suka kafa tashar wayar tangaraho a 1864.

Ka je tsakanin Nuwamba da Maris, zafin bazarar can ba na wasa ba ne. Kada ka jefa wa dolfin abinci, kuma in direba ya fara korar su da gudu, ka yi masa magana. Wanda ya yi maka alkawarin lallai sai ka gan su, kuɗinka yake so. Jirgin safe ya fi, ruwa a kwance yake.