Hafirinmu ya koma kududdufi: donki za mu nema ko gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kwamitin ruwa ne a wani ƙauyen Hausawa da ke kudu da Gadarif, a gabashin Sudan. Shekara huɗu ke nan da aka haƙa mana hafiri, wato babban tafkin tara ruwan damina, da kuɗin gwamnati. Shekarar farko ya kai mu har faɗuwar damina, amma yanzu kafin watan Maris ya ƙafe, ruwan kuma ja wur, yara suna ta fama da gudawa. An ce wani kuɗin zai zo ta hannun mahalliya, wato ƙaramar hukuma, masu aikin suna maganar shinge da matata da dashen itatuwa. Dattawanmu sun ce a bar wannan, a haƙa mana donki, wato rijiyar burtsatse mai inji da tanki, ko a faɗaɗa hafirin. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri kan wannan ɗawainiya, don aikin kwamitin ruwa ba mai gode maka sai ranar da ruwa ya yanke a zo ana nemanka.

Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ka kwatanta ciwo ɗaya ne mai fuska biyu: laka ta cike hafirin, dabbobi kuma suna shiga cikinsa. A ganina masu aikin ne ke da gaskiya a wannan karon, ko da yake na fahimci dattawa sarai. Shinge ba ya burge kowa, donki kuwa ana ganin tankinsa tun daga nesa.

Bari mu fara sallamar maganar donki. Yawancin filin baƙar ƙasar nan, daga Butana har kudancin Gadarif, a kan dutse yake zaune, kuma dutsen ba ya riƙe ruwa sai a 'yan tsage. Shi ya sa tun zamanin Turawa hafiri ne abin dogaro a yankin. Akwai wuraren da ake dacewa, amma ana iya huda ƙasa mita ɗari a fito hannu rabbana, ko a samu ruwan zartsi da ko jaki ba ya sha. Kada ku yarda a kashe ko fam ɗaya a haƙa sai an auna ƙasan da na'ura, an kuma tambayi hukumar ruwa ta wilaya, wato jiha, labarin rijiyoyin ƙauyukan da ke kewaye da ku. In sun tabbatar akwai ruwa mai daɗi, to donki mai aiki da hasken rana ya fi hafiri tsabta nesa ba kusa ba.

Faɗaɗawa kuma ita ce na fi jin tsoro. Rana tana shan hafiri ta fuskarsa ne. A watannin zafi takan ɗauke kusan santimita ɗaya kullum, daga ƙarshen damina zuwa wata daminar kuwa abin kan doshi mita biyu. Ɗauka an haƙa muku zurfin mita uku, laka ta cinye ɗaya. Saura biyu, su ne kuma rabon rana. Ka ga dalilin da ya sa kuke ganin ƙasa a Maris. In kun ƙara faɗi, kun ƙara wa rana faranti ne kawai. Zurfi ake nema, a yashe lakar a mayar da shi yadda yake ko a ɗan zarce, muddin ba a huda yumɓun da ke hana ruwa tsiyaya ba.

To ina lakar take fitowa? Nan ne maganar itatuwa ta shigo, kuma nan ne mutane suka fi gajen haƙuri. Hafiri ba shi da marmaro, abin da ƙorama ta kwaso masa shi yake sha. Tun da aka fara noman tarakta a Gadambaliya, kusa da Gadarif, a tsakiyar shekarun 1940, aka yi ta sare daji ana shuka dawa da riɗi, har filayen da ruwa ke gangarowa ta kansu suka zama tsirara. Ruwan farko in ya sauka a kan ƙasar da aka kafce, ba ciyawa ba saiwa, sai ya ɗebo ta ya juye muku. Dokar gandun daji ta ce a bar kashi 10 cikin ɗari na gonar damina a ƙarƙashin itatuwa, kashi 5 a gonar ban ruwa, amma kai ma ka san gonaki nawa ne suka cika wannan. Abin da za ku iya yi a matakinku shi ne ku keɓe bakin ƙoramar da filin da ke gaban mashigar hafirin, a daina noma shi, a bar ciyawa ta kama, a dasa ɗakwara, wato hashab. Ita ɗakwara ba asara ba ce, bayan kamar shekara biyar tana fara ba da ƙaro, kuɗin kuma ya shiga asusun ruwa. Sai dai abu biyu: kada a dasa itace a kan ganuwar hafirin kanta, saiwa tana fasa ta, kuma ko kyauta aka ba ku itacen nan mai ƙaya da ake kira miskit kada ku karɓa. An shigo da shi Sudan a 1917 don tare rairayi, ya mamaye gonaki da magudanai, har a 1995 gwamnati ta ba da umarnin a kawar da shi.

A gaban mashigar kuma a haƙa ƙaramin rami inda ruwa zai tsaya ya sauke lakarsa kafin ya wuce. Shi kwamiti zai iya yashe shi da gayya duk shekara, babban hafiri kuwa sai an kawo katafila.

Gudawar yara daga kashin dabbobi da na mutane take. Matuƙar saniya tana tsayawa a cikin ruwan, mai karo, wato amalanke, yana tura jakinsa har gwiwa don cika barmil, wato ganga, yara suna wanka a gefe, to ba maganin da zai yi aiki. Shinge da ƙofa da mai gadi su ne farko. A fitar da ruwan ta bututu zuwa waje, famfon mutane daban, kwamin dabbobi daban can nesa. Ku zauna da makiyaya tun kafin a kafa ƙarfe ɗaya, musamman in burtali ya bi ta kusa. Shingen da aka yi ba da saninsu ba, ba ya kwana biyu.

Matatar yashi abu ne mai sauƙi: tanki ne da aka zuba wa yashi mai laushi kaurin kamar mita ɗaya, ruwa yana ratsawa a hankali. Wani ɓawo mai rai da ke taruwa a saman yashin shi ke cinye yawancin ƙwayoyin cuta. In ya toshe, a kankare santimita ɗaya ko biyu. Jan ruwa irin naku yana toshe ta cikin 'yan kwanaki, don haka dole a sa tankin kwantar da laka a gabanta. Daga nan sai kulorin, a bar shi rabin sa'a kafin a sha. Shi ma ba ya aiki sosai a gurɓataccen ruwa. Kafin a gama ginin, mata su ci gaba da abin da matan bakin Nilu suka daɗe suna yi: a daka ƙwayar zogale a zuba a randa, laka ta kwanta, sannan a tafasa ko a sa kulorin. Kwalarar da aka sanar a watan Agustan 2024 ta taɓa Kasala da Gadarif tun da wuri, ba sai na tuna maka ba. Tsargiya kuwa ta fata take shiga, hana yara iyo a hafirin shi ne maganinta na farko.

Akwai darasin da nake yawan ba kwamitoci. Shirin lafiya na Shuɗin Nilu, wanda gwamnati ta yi da Hukumar Lafiya ta Duniya a yankunan noman ban ruwa na Jazira da Rahad cikin shekarun 1980, ya karya lagon tsargiya ƙwarai. Da kuɗin ya ƙare wajen 1990, cutar ta sake ɗagowa. Kuɗin gwamnati gini yake yi ya tafi. Saboda haka kafin ku sa hannu, a rubuta a takarda wa zai karɓi kuɗin jarka da na barmil da na kan dabba, kashi nawa zai tsaya a ƙauye don gyara, wa zai sayi kulorin, wa zai biya mai gadi. Ku nemi a koya wa mutum biyu 'yan garin aikin matatar, a kuma ba ku zanen aikin da zurfin da aka yi alkawari. Ranar miƙa aiki ku shiga da igiyar awo ku auna da kanku tun ruwa bai shiga ba. Yasar laka kuma a Afrilu ko Mayu ake yin ta, lokacin da hafirin ya bushe. In katafila ta makara har Yuli, baƙar ƙasar nan ba za ta bari ta iso ba.